Yadda Tunau Maƙeri Ya Tsaya da Hannu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa ku bar tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Iya, ga mu mun yi shiru.

A wani gari da ake ce wa Gangaren Kanya, an yi wani maƙeri mai suna Tunau. Shi kaɗai ne maƙeri a garin. Fartanya da garma da lauje da gatari, duk daga hannunsa suke fitowa. Allah ya ba shi damtse, ɗaya ya kai cinyar wani. Ya ba shi gemu baƙi wuluk har ƙirji, kullum da safe sai ya shafa masa man shanu. Abu ɗaya ne bai samu ba. Ba ya iya jin an yabi wani a gabansa ya yi shiru.

Ran nan, ranar kasuwa, sai ga wani baƙo ɗan wasa. Siriri ne kamar karan dawa. Ya share wuri da ƙafa, ya dafa ƙasa, sai ga ƙafafunsa a sama. Ya tsaya cak a kan hannuwansa. Da ya gaji sai ya karkata, ya diro a kan ƙafafunsa kamar kyanwa. Kasuwa ta ɗauki shewa.

Tabawa matar Tunau tana gefe tana sayar da fura. Sai ta ce wa maƙwabciyarta, "Wannan hannu da albarka yake."

Tunau yana zaune a rumfar Nomau wanzami. Maganar ta shiga kunnensa, ta ƙi fita. Sai ya yi tsaki ya ce, "Wannan ne abin shewa? Hannun da bai taɓa ɗaga masaba ba?"

Nomau ya ce, "Maƙeri, masabarka ba ta da tumbi. Kai kuwa kana da shi."

Mutanen rumfa suka yi dariya. Tunau ya miƙe, ya kama gemunsa ya ce, "Nan da kasuwa bakwai, a filin nan, zan tsaya da hannuna har makaɗi ya kai ƙarshen taken maƙera. In na kasa, ka aske gemun nan duka."

Nomau ya ce, "Duka ai rangwame ne. Rabi zan aske, ka yi yawo da rabi."

Tunau ya ce ya yarda. Aka shaida.

Ya koma gida, ya tuɓe riga a tsakar gida, ya tofa yawu a tafin hannu. Ya dafa ƙasa, ya wurga ƙafafu sama da ƙarfin tsiya. Sai ƙafafun suka wuce, suka sauka a kan randa. Randa ta dare biyu, ruwa ya malale.

Kashegari ya koma bayan ɗaki, ya sake wurgawa. Sai ya zube a kan akurki. Kaji suka watse, wata ta haye katanga, ba a sake ganinta ba.

Rana ta uku ya duba hagu, ya duba dama, ba randa ba akurki. Bai duba baya ba. Sai ya sauka a tsakiyar barkonon da Tabawa ta shanya. Yini ya yi yana atishawa.

Tabawa ta kwashe abin da ya saura na barkononta, ta ce, "Maigida, tun gidan nan bai ƙare ba, ka je wurin Baba Anaruwa."

Shi Baba Anaruwa wani tsoho ne da ke tufkar igiya a gindin tsamiya, bakin rafi. Da ƙuruciyarsa gari-gari yake bi yana alkafura a gaban jama'a. Ga shi ya tsufa tukuf, amma ko ɗan yatsa bai taɓa karyewa ba.

Tunau ya je, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsoho ya dubi damtsen, ya dubi tumbin, ya ajiye igiya. Ya ja shi cikin rafi, lokacin bazara ne, ba ruwa sai yashi mai laushi. Ya ce, "To ɗana, yau sauka za ka koya."

Tunau ya ce, "Baba, ai wannan na iya. A tambayi kajin Tabawa."

Tsoho ya ce, "Waccan zubewa ce. Sauka nake nufi. In ka ji ƙafafunka sun rinjaye ka ta baya, ba ka jira ƙasa ta zo ta same ka. Ka ɗaga hannu ɗaya ka sa shi gaba, ka juya ƙugu, ka buɗe ƙafa. Sai ka diro ta gefe kamar mai alkafura. Kwana bakwai za ka yi kana wannan a kan yashi."

Tunau ya ce, "Kwana bakwai ina birgima a yashi, mata masu zuwa tonon ruwa suna kallona? Baba, tsayuwa na yi wa rantsuwa. Ba wanda zai taru don ya ga na sauko."

Tsoho ya ce, "To."

Sai ya kai shi jikin wata tsohuwar katanga. Ya ce, "Dafa ƙasa, faɗin kafaɗarka. Baza yatsu. Kada ka lanƙwasa gwiwar hannu. Idonka a tsakanin hannuwanka. Ƙafa ɗaya za ka fara turawa, a hankali, ɗayar ta bi ta. Ba harbin jaki kake yi ba."

Tunau ya tura, dugadugansa suka daki katanga, ƙasa ta zubo masa a gemu. Jini ya taru a kansa, idanunsa suka yi ja. Tsoho ya sa sanda ya taɓa tumbin ya ce, "Wannan buhun, ɗaure shi. Matse ciki, matse ɗuwawu. Tura ƙasa kamar ka tsane ta."

Haka suka yi ta yi har kasuwa biyu suka wuce. Kullum in Tunau zai tafi rafi sai ya bi ta gaban rumfar Nomau, don hanya ɗaya ce. Kullum kuma sai ya tarar da Nomau yana wasa aska a kan dutse. Ba ya gaida Tunau. Gemun yake gaisarwa. Sai ya ce, "Gemu, an tashi lafiya? Wane ɓarin ne zai raka ni gida?"

Tunau ya haɗiye, ya wuce.

A maƙera kuwa aiki ya fara taruwa. Gajimare ya fara leƙowa ta gabas, manoma suka fara kawo fartanyu da garemani a gyara musu. Tunau ya ce kowa ya ajiye, bayan kasuwa ta bakwai zai yi su rana ɗaya. Zugazugi ya yi ƙura a rataye.

Da aka shiga kasuwa ta uku, tsoho ya raba shi da katanga. Ya tsaya a bayansa, in ya tura ƙafafu sama sai ya cafke idon sawunsa. Ya ce, "Yanzu ba katanga. Kafin mu ci gaba, mu koma yashi kwana uku kawai."

Tunau ya ce, "Ai ga ka nan, Baba. In na rinjaya ka riƙe ni."

Tsoho ya ce, "Ni ba a jikinka aka halicce ni ba."

Tunau ya ce, "Lokaci na tafiya, Nomau ya kusa cinye dutsensa da washi."

Tsoho ya ce, "To."

Sai ya koya masa sirrin abin. Ya ce, "Ƙarfin damtse ba shi ne ke tsai da mutum ba, yatsu ne. In ka ji kana tafiya baya, danna kan yatsu cikin ƙasa. In ka ji kana dawowa ta ciki, sassauta, nauyi ya koma gindin tafi. Ka riƙa numfashi, ba nutso kake yi ba."

A nan fa sai a yaba wa Tunau. Mutumin da ya shekara talatin yana murza awartaki, yatsunsa ba na wasa ba ne. Tsoho ya fara sakinsa na ƙiftawar ido. Daga nan numfashi uku. Daga nan numfashi goma. In ya gaji sai ya ce, "Kama, Baba." Sai tsoho ya cafke ƙafafun ya sauke su a hankali, kamar mai sauke wa mace tulu.

Ana gobe kasuwa ta bakwai, Tunau ya tsaya har tsoho ya gama rera taken maƙera da baki, ya ƙara da rabi. Da ya ce "Kama," aka kama shi. Ya miƙe yana haki yana murmushi.

Tsoho ya ce, "Ka iya tsayuwa, ban hana ka ba. Yini ɗaya ya rage. Ba ni shi a kan yashi."

Tunau ya ce, "Baba, yau zan je karɓar rigata daga wurin bugu."

Tsoho ya ce, "Wace riga? Da wando kawai ake wannan, a ɗaure shi tam."

Tunau ya ce, "Ni da iyali, in tsaya tsirara a kasuwa kamar ɗan dambe? Wani abu kuma, Baba. Gobe ka zauna can nesa. In aka gan ka kusa, Nomau zai ce riƙe ni aka yi."

Tsoho ya dube shi. Sai ya ɗauki igiyarsa ya ce, "To."

Gari ya waye, kasuwa ta cika har da mutanen ƙauyuka. Tunau ya fito cikin babbar riga mai baƙin rini tana ƙyalli, gemu ya sha mai. Tabawa ta bi shi har zaure tana cewa, "Maigida, ko za ka bar rigar nan a gida?" Bai ko waiwaya ba.

Ya zaɓi inda jama'a suka fi yawa, gaban tukubar mai tsire, inda ƙasa ta daddaɓe ta yi tauri kamar dutse. Makaɗi ya gyara gangarsa. Maroƙi ya gyara murya. Nomau ya zauna a gaba, aska a kan cinya. Baba Anaruwa yana can ƙarshen fili, gindin wata bishiyar bedi.

Tunau ya naɗe hannun riga, ya dafa ƙasa, ya baza yatsu, ya tura ƙafa ɗaya, ɗayar ta bi. Sai ga shi a tsaye, miƙe sambal kamar tabarya. Makaɗi ya saki take. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sai babbar riga ta zazzago. Ta rufe masa tumbi, ta rufe gemu, ta rufe fuska, ta kwanta a ƙasa ta kewaye hannuwansa. Duhu ya rufe shi. Bai damu ba tukuna. Yana jin take, yana danna yatsu, yana sassautawa. Take ya kai rabi. Take ya kai ƙarshe. Kasuwa ta kaure da ihu. Ya ci.

Sai ya buɗe baki zai ce, "Kama, Baba." Sai ya tuna inda ya ajiye Baba.

Ya ce a ransa, bari in maido ƙafa ta inda ta hau. Ya gwada, sai ya ji nauyinsa ya riga ya karkata baya, kan yatsu kaɗai ke riƙe da shi. Ya ji zafin tukuba yana lasar bayansa. Bai san ko taku ɗaya ne tsakaninsa da wuta ba, ko biyu. Makaɗi kuwa da ya ga bai sauko ba, sai ya sake ɗauko take daga farko.

Tunau ya yi magana daga cikin riga, muryarsa ta fito a toshe. Ya ce, "Ku kama ni."

Maroƙi ya sunkuya ya kasa kunne, ya miƙe ya ce, "Jama'a kun ji? Ya ce ba kamar shi. Gaskiyarka, na Tabawa, ba kamar ka."

Aka ƙara shewa. Damatsan Tunau suka fara rawa. Gumi ya bi ta gemu ya shiga hancinsa. Ya ce, "Zan faɗi."

Maroƙi ya ce, "A yi shiru, ya ce zai faɗi. Faɗi, maƙeri, faɗi abin da ke ranka, muna sauraro."

Jama'a suka amsa, "Faɗi, faɗi."

Can cikin hayaniya ya jiyo muryar Tabawa tana cewa, "Ku riƙe masa ƙafa, sauka yake nema." Wani ya ce mata, "Ke dai kishi kike, an fi ki farin jini."

Tunau ya tattara sauran numfashinsa, ya ajiye kunya gefe, ya ƙwala kira, "Baba Anaruwa!"

Maroƙi ya ce, "Ɗan halak, yana sama bai manta da malaminsa ba."

Tsoho dai ya gane. Ya taso yana dogara sanda, yana ture mutane, amma wa zai ba tsoho hanya ana kallo? Daga bayan jama'a ya ɗaga murya ya ce, "Ɗaga hannu ɗaya, juya ƙugu."

Tunau ya ji. Amma wane hannun? Ƙugun kuma ta wace fuska? Abin da mutum bai taɓa yi da jikinsa ba, kunne ba ya koya masa shi yana kife. Ya ɗaga hannun hagu, bai juya komai ba. Nauyinsa duka ya koma kan na dama. Wuyan hannu ya ce ƙaras. Sai ya tafi gaba ɗaya kamar an sare giginya, ya faɗi da baya, dugadugansa suka daki tukuba. Toka ta tashi, tsire ya watse ko'ina.

Daga nan sai aka ruga a guje. Ba wajen Tunau ba, wajen tsire. Maroƙi ya samu tsinke uku. Makaɗi ya cusa biyu a aljihu. Mai tsire yana zagi, yana kai duka da mafici. Tabawa ce da tsoho suka yaye masa riga daga fuska, suka kashe wutar da ta kama gefenta.

Nomau ya zo ya tsaya a kansa, ya mai da aska cikin zabira. Ya ce, "Maƙeri, gaskiya ɗaya ce, ka kai ƙarshen take har ka zarce. Gemu naka ne, ɓari biyun duka."

Tunau yana kwance yana kallon sama, hannunsa ya kumbura kamar gora.

Aka kai shi wurin maɗori, aka ja hannun, aka jera masa karare aka ɗaure. Maɗori ya ce kada ya ɗaga ko ludayi sai bayan wata biyu.

Kwana uku da yin haka sai ruwan shuka ya sauka. Da sassafe aka fara sallama a ƙofar gida. Na farko ya ce, "Sannu jarumi, rannan ka ba mu mamaki. Ina fartanyata?" Na biyu ya ce, "Ai har ƙauyenmu ana labarinka. Garmata fa?" Na uku ko sannu bai yi ba, ya shiga maƙera ya zaɓi tasa ya fita. Kafin azahar an kwashe tarin kaf, an nufi wurin wani maƙeri a garin gaba. Wasu da suka ji daɗin aikin can, ba su sake dawowa ba.

Damina ta yi nisa, maƙera a rufe, gonarsa ta cika da ciyawa. Furar Tabawa ce ta riƙe gidan. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai in ta ajiye masa tuwo ta kan ce, "A ci da hagu, jarumi."

Da aka kwance karare, hannu ya yi ƙwari, sai Tunau ya sa wando, ya ɗaure shi tam, ya nufi gindin tsamiya. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo."

Tsoho ya ce, "Tsayuwa ko?"

Ya ce, "Sauka."

Tsoho ya nuna rafi da haɓa. Rafin ya cika maƙil, yana ambaliya. Ya ce, "Yashi yana ƙarƙashin ruwa. Sai dai taɓo."

Tunau ya ce, "Taɓon ma ya yi."

Sai suka fara daga ƙasa. Ya dafa, ya ɗan ɗaga ƙafa iyakar ƙugu, ya juya ya dire ta gefe. Ya sake. Ya ɗaga sama da haka, ya sa hannun dama gaba, ya juya, ya zame, ya zauna daɓas a taɓo. Mata masu wanki a bakin rafi suka samu abin yi. Har waƙa suka yi masa, suna buga wanki suna amshi:

Tunau na sama, Tunau na ƙasa,
Gemu ya sha mai, yau ya sha laka.

Ya ji su sarai. Ya share taɓo daga ido ya sake dafawa. Kwana bakwai suka zama ashirin, don jikin da ya taɓa karyewa tsoro gare shi. Ran nan dai ya tura ƙafafu sama, tsoho ya sa sanda ya tunkuɗe su baya da gangan. Kafin Tunau ya yi tunani, hannu ya riga ya matsa, ƙugu ya juya, sai ga shi tsaye a kan ƙafafunsa. Tsoho ya tunkuɗa ta hagu, ya dire. Ya tunkuɗa ta dama, ya dire. Sai tsoho ya koma kan igiyarsa ya ce, "Je ka, ba ni da sauran abin ba ka."

Ranar kasuwa Tunau ya koma fili. Nan da nan aka taru, har an fi na farko yawa. Mai tsire ya ja tsirensa gefe. Tunau ya dafa ƙasa, ya hau, ya tsaya sambal. Da ya ji ya isa, sai ya matsa hannu, ya juya ƙugu, ya sauko a hankali, ko ƙura bai tayar ba.

Jama'a suka tsaya suna jira. Sai wani daga baya ya ce, "Af, yau ba faɗuwa?"

Wani ya ce, "Da na sani da ban bar rumfata ba."

Sai aka watse. Maroƙi ma ya bi su.

Tunau ya kakkaɓe hannuwansa ya koma gida. Tabawa tana bakin murhu. Ta ce, "Maigida, yaya filin?"

Ya ce, "Na hau, na sauko lafiya."

Ta ce, "Wa ya yi guɗa?"

Ya ce, "Ba kowa."

Ta ce, "Madalla. Wanke hannu, biyun duka, ga tuwo."

Ƙurunƙus, kan kusu ya gangara ya shige rami. Ku masu kifewa a jikin katangata kullum da yamma, kun dai ji. Kafin ku ɗaga ƙafa sama, ku fara sanin ta inda za ku maido ta. Masu tafa muku kuwa ba su ne za su riƙe ku ba. Ku tashi, kowa ya nufi ɗakin uwarsa, da ƙafa.